Daga motar kara zuwa samfurin tankar yaƙi: abin da ya kamata a sani game da ƙera ƙananan samfura a Dutsin-Ma da Kurfi

Da zarar an kammala girbin gero da dawa a ƙauyukan da ke kan hanyar Katsina zuwa Kurfi da Dutsin-Ma, kara yakan zama dukiyar yara. Manya su ɗebi na danga da na girki da na dabbobi, abin da ya saura kuma yara su zauna da shi a gindin bishiya. Su ɓare ɓawon da haƙori ko guntun reza, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su soka wannan cikin wancan, har mota ta fito da ƙafafunta da gidan direba da bodin ɗaukar kaya. Wannan ita ce motar kara, wasan da kusan duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya taɓa yi ko ya gani.

A wasu sassan duniya irin wannan aiki ya wuce wasan yara. Sha'awa ce ta manya, mai kamfanoni da ƙungiyoyi da gasa ta shekara-shekara, kuma ɗaya daga cikin rassanta mafi farin jini shi ne ƙera samfurin tankar yaƙi tare da gina ƙaramin fagen da za a ɗora ta. Abu ɗaya ne ya raba wannan sha'awa da motar kara, shi ne awo. Wannan maƙala ta yi bayanin asalin aikin, da yadda ake yin sa da kayan da ke samuwa a tsakiyar Jihar Katsina, da kuma dalilin da ya sa yake da nauyi a yankin da motoci masu sulke suka zama abin gani yau da gobe.

Mene ne samfuri, mene ne diyorama

Samfuri mai ma'auni shi ne kwaikwayon wani abu na gaske, wanda aka rage kowane sashe nasa da adadi ɗaya. Idan aka ce ma'auninsa 1:35, ana nufin kowace santimita ɗaya a jikin samfurin tana wakiltar santimita 35 a jikin abin na gaske, a tsawo da faɗi da tsayi baki ɗaya. Abin wasa yana iya zuwa da ƙafafu manya da jiki ƙarami, ba wanda zai damu. Samfuri kuwa da zarar sashe ɗaya ya saɓa wa lissafi, ya tashi daga sunansa.

Diyorama ita ce ƙaramin fage mai tudu da kwari da ake ginawa a kan katako domin nuna wani wuri a wani lokaci: hanya da gefenta, katangar gida, bishiya, sawun taya, da duk abin da zai sa mai kallo ya gane inda ake da abin da ke faruwa. Kalmar ta samo asali ne daga Faransa, inda Louis Daguerre da abokin aikinsa Charles-Marie Bouton suka buɗe wani gidan kallo mai wannan suna a birnin Faris a 1822. Manyan zane-zane suke nunawa, suna sauya musu haske har mai kallo ya ɗauka wurin gaske yake gani. Daga baya gidajen tarihi suka ari sunan suka laƙaba wa fagagen da suke ginawa a bayan gilashi, masu ƙera samfura su ma suka gada.

Yadda sha'awar ta faro a duniya

Tankar yaƙi ta fara shiga fagen daga ne ranar 15 ga Satumba, 1916, lokacin da sojojin Birtaniya suka yi amfani da ita a yaƙin Somme da ke Faransa. Sunan da kansa dabarar ɓoye sirri ce: an riƙa cewa tankunan ruwa ake ƙerawa, don kada abokan gaba su farga. Ke nan tankin ruwan da ke kan rufin gida da tankar yaƙi daga tushe ɗaya sunansu ya fito.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, roba ta yi arha, kamfanoni suka fara sayar da samfura a warwatse cikin kwali, mai saye ya haɗa da kansa ya yi fenti. Kamfanin Airfix na Ingila, wanda aka kafa a 1939, ya fitar da samfurin taraktar Ferguson a 1949, sannan jirgin yaƙi na Spitfire a 1953. A Japan, kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka ya faro ne a 1946 a matsayin masana'antar katako. A farkon shekarun 1960 ya fitar da samfurin tankar Jamus mai suna Panther, mai tafiya da batir. An tsara girman cikinta ne yadda zai ɗauki batura da ƙaramin inji, da aka auna sai aka ga ya yi daidai da 1:35. Daga nan wannan adadi ya zama ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen samfuran motocin soja a duniya.

A 1963 aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa da ƙasa, IPMS, a Birtaniya. Har yanzu reshenta na can yana shirya babban baje-koli duk watan Nuwamba a garin Telford, birnin Shizuoka kuma yana yin nasa a watan Mayu. Ba'amurke Sheperd Paine, wanda ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fi tasiri wajen mayar da diyorama hanyar ba da labari.

Gadon da ke gida

Ƙasar Hausa tana da nata tarihin a wannan fanni, sai dai ba a rubuta shi ba. Bayan motar kara akwai motar langa-langa, wadda ake lanƙwasawa daga siraran ƙarafan ɗaure dilar kaya. Akwai motar gwangwani, ta gwangwanin madara ko tumatir, mai ƙafafun da aka yanko daga tsohuwar silifa. Akwai ta waya mai doguwar sitiyari da yaro ke tuƙawa yana tafe. A bakin rafi da kududdufi kuma yara sukan gina shanu da raƙuma da gidaje da yumɓu, su shanya a rana. Irin wannan fasaha ta yaɗu a nahiyar. A Malawi ana kiran motar waya galimoto.

Duk wanda ya taɓa haɗa motar kara ya riga ya koyi abubuwa uku da mai ƙera samfuri ke buƙata: lura da siffar abu, sanin halin kayan aiki, da haƙurin maimaita sashe ɗaya sau da yawa. Abin da ya rage masa shi ne rula da lissafin rabawa. Wannan ne ya sa tsadar samfuran kwali ba ta isa ta hana kowa ba. Da kuɗin waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 sun ƙara yin nisa da aljihun ɗalibi. Amma ko a ƙasashen da ake sayar da su a kanti, wanda ya ƙera samfuri daga tushe, ba tare da kwalin kamfani ba, shi ake yi wa kallon gwani.

Tanka ce ko motar sulke?

A bakin jama'a, duk motar soja mai kaurin jiki tankar yaƙi ce. Mai ƙera samfuri ba shi da wannan sauƙi, dole ya bambanta iri uku. Tanka ta ainihi tana tafiya a kan sarƙa, tana da kai mai juyawa ɗauke da babbar igwa. Ta biyu ita ce motar sulke mai jigilar sojoji, wadda ake taƙaita sunanta da APC, haruffan da suka yi kama da na jam'iyya ba tare da wata dangantaka ba. Ta uku ita ce motar da aka ƙera don jure nakiya da kwanton ɓauna, wadda ake kira MRAP. Doguwa ce, ƙasanta a tsuke kamar ƙasan kwalekwale, domin ƙarfin fashewa ya baje gefe.

Rundunar sojin ƙasa ta Nijeriya ta mallaki tankoki iri-iri: T-55 ƙirar Tarayyar Sobiyet, Vickers Mk 3 ƙirar Birtaniya da aka fara sayowa a shekarun 1980, T-72 da aka shigo da su a tsakanin 2014 da 2015 lokacin da yaƙi da Boko Haram ya tsananta, sai VT-4 ƙirar Sin da suka iso a Afrilun 2020. A ɓangaren ƙirar gida, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da motar sulke mai suna Igirigi a 2012. A Disambar 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Ezugwu a Kaduna, wadda hukumar ƙera kayan yaƙi ta DICON, da aka kafa a 1964, ta samar tare da rundunar soji. Mai son tsofaffin ƙira zai same su a Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, inda aka adana motocin sulken da ɓangaren Biyafara ya harhaɗa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Abin da mazauna Dutsin-Ma da Kurfi suka fi gani a hanyoyinsu shi ne motocin sulke masu taya, da Hilux mai bindiga a baya, da babura. Saboda haka wanda ke son fagensa ya yi kama da gida, waɗannan ne suka fi dacewa da shi. Ƙera su ma ya fi sauƙi, tunda jikinsu shafaffun bangarori ne kuma ba su da sarƙa.

Lissafin ma'auni

Ƙa'idar guda ce: a mayar da awon abin na gaske zuwa santimita, a raba da lambar ma'auni. Gangar jikin T-72 tana da tsawon kimanin mita 6.95 da faɗin mita 3.59. A ma'aunin 1:35 tsawon zai dawo kusan santimita 20, faɗin ya ɗan haura 10. Idan aka haɗa da bututun igwa, wanda ke kai tsawon tankar mita 9.53, samfurin zai kai santimita 27. Mutum mai tsayin mita 1.75 zai zama santimita 5 daidai. Hilux mai tsawon mita 5.3 za ta zama santimita 15, katanga mai tsayin mita 3.5 ta zama santimita 10. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai tsayin kimanin mita 15, za ta tsaya a santimita 43.

Ba kowane abu ne ke shiga wannan ma'auni ba. Bangon madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983, yana da tsawon kimanin mita 2,750. A 1:35 zai buƙaci fili mai tsawon mita 78 da ɗoriya. A 1:2,500 kuwa zai dawo mita 1.1, ya zauna a kan teburi. Don haka ake amfani da ƙananan lambobi kamar 1:35 da 1:72 ga motoci, manyan lambobi kuma ga gari ko yanki.

Akwai wata dabara da ke taimakon mai aiki da kayan tsince-tsince: ya bar abin da ya fi wuyar ƙerawa ya zaɓa masa ma'auni. Ƙafafun T-72 shida ne a kowane gefe, faɗin kowace santimita 75. Murfin gorar ruwa yana da faɗin kusan santimita 3. Idan aka raba 75 da 3 za a sami 25, wato murafu goma sha biyu sun isa ƙafafun tanka a ma'aunin 1:25, gangar jikinta kuma ta zama kusan santimita 28. Abin da batir ya yi wa Tamiya ke nan.

Yadda ake ƙera tankar

Aiki yana farawa ne a kan takarda. Ana buƙatar zanen motar ta fuska uku, gefe da gaba da sama, kuma ana samun irin waɗannan zane-zane na sanannun tankoki a intanet. A zana kowane bango a girman da lissafi ya bayar, a yanke takardar, ta zama abin ɗorawa a kan kayan aiki.

Kayan jiki sun haɗa da kwali mai ƙarfi, farin allon roba da masu rubuta allon talla ke amfani da shi, robar tsohuwar jarka, ko gwangwanin da aka buɗe aka daddale. Kayan hannu kuwa su ne rular ƙarfe, reza ko wuƙar yankan kwali, almakashi, filaya, da takardar goge katako. Farin gam na kafintoci ya fi dacewa da kwali da katako, gam mai saurin kamawa kuma da roba da ƙarfe.

Ana fara haɗa ƙasan gangar jiki kamar akwati, a sa mata ginshiƙai a ciki don kada ta lotsa, sannan a ɗora bangarorin sama masu gangara. Kan tankar T-55 ko T-72 zagayayye ne kamar kifaffiyar ƙwarya. Ana iya sassaƙa shi daga katako mai laushi, ko a gina shi da takardar da aka jiƙa da gam a kan wani ƙoƙo. Ƙusa ɗaya a tsakiya ta isa ta sa ya juya. Bututun igwa yana fitowa daga gorar biro ko eriyar tsohuwar rediyo. Sarƙa ita ce mai cin lokaci: ko dai a ɓare fuska ɗaya ta kwali mai rami-rami a yanka shi siriri, ko a yanko tsohon tiyub na keke a manna masa guntayen tsinken ashana a jere, tazara ɗaya.

Ƙananan alamu su ne ke bambanta ƙira da ƙira. T-55 ƙafafu biyar gare ta a kowane gefe, da tazara mai faɗi tsakanin ta farko da ta biyu. Wanda ya ba ta shida, ko ya daidaita tazarar, masana za su gane nan take.

Fenti hawa-hawa ake yin sa. Shafin farko na toka-toka yana rufe bambancin kayan da aka haɗa. Na biyu shi ne launin motar, kore ko ruwan ƙasa. Na uku baƙin fenti ne da aka tsinka sosai, a bar shi ya gangara cikin lunguna ya fito da inuwa. Na ƙarshe ana yin sa da buroshin da aka goge har ya kusa bushewa, a shafa launi mai haske a kan kusurwoyi. Daga nan sai tsufa: garin jar ƙasa a ƙafafu da sarƙa, garin gawayi a bakin salansa da bakin igwa, toka kaɗan a saman jiki. Motar da ta yi mako a hanyar karkara ba ta fitowa fes kamar daga masana'anta.

Yadda ake gina fagen

Tushen fage katako ne mai kauri wanda ba zai lanƙwashe ba; santimita 40 da 30 sun isa mota ɗaya da katanga da bishiya a ma'aunin 1:35. Ana tayar da tudu da farin soso na cikin kwalin kayan lantarki, a lulluɓe shi da takarda da gam. A nan mazaunin yankin ya fi takwaransa na Turai sa'a, domin ƙasar da wancan ke saye a kwalba a ƙofar gida take. A tankaɗe ta da rariya, a soya ta a tsohon kasko don kashe ƙwari da ƙwayayensu, a kwaɓa da farin gam da ruwa, a shafa. Kafin ta bushe a danna sarƙar tankar ko tayar motar a kai, sawu ya fito, motar kuma ta zauna cikin ƙasa kamar mai nauyi.

Saiwar busasshen ƙaramin tsiro, idan aka kifa ta, tana ba da siffar bishiya mai rassa. Kuka tana buƙatar waya a ciki da yumɓu a waje. Zaren igiyar rama da aka tsefe yana zama busasshiyar ciyawa, tsinken tsintsiya ya zama danga, guntayen ɓawon kara su zama azara. Katangar ƙasa da rumbu ana gina su da yumɓun da aka cuɗa da gam don kada su tsage. Duwatsun da garin Dutsin-Ma ya samo sunansa daga gare su ana kwaikwayonsu da soso da aka sassaƙa aka shafa wa yashi.

Ƙa'idoji biyu ne ke raba fage mai rai da tarin kaya. Ta farko, kada a jera mota da katanga daidai da gefen katakon. A ɗan karkata su, ido ya fi yarda da haka. Ta biyu, lokaci ya zama ɗaya. Idan hunturu ne, kuka ba ta da ganye, ciyawa ta bushe, ƙura ta rufe komai. Idan damina ce, akwai taɓo da kore da ruwa kwance a sawun taya. Bayan an gama, gara da laima su ne abokan gaba, saboda haka akwatin gilashi ko murfin roba mai haske yana da amfani.

Abin da fagen ke faɗa

A Turai da Japan yawancin masu wannan sha'awa yaƙin kakanninsu suke kwaikwaya. A tsakiyar Katsina lamarin na yau ne. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. A farkon Oktoban 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. A cikin wannan wata Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rukunin farko na dakarun tsaron al'umma na jihar, mutum sama da 1,400, tare da motoci da babura. Yaron da ya tashi a waɗannan shekaru, abin da idonsa ya saba da shi hannunsa zai ƙera.

Wannan yana iya zama abin damuwa, idan samfurin ya tsaya ga ƙawata makami. Yana kuma iya zama shaida. A 2007 ƙungiyar Waging Peace ta tattara zane-zane kusan 500 da yaran Darfur suka yi a sansanonin gudun hijira na gabashin Chadi, masu nuna tankoki da jirage da ƙauyuka na cin wuta, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya kuma ta karɓe su a matsayin bayanan da ke haskaka yanayin abin da ya faru. Cibiyar Forensic Architecture, da aka kafa a 2010 a Jami'ar Goldsmiths ta Landan, tana sake gina wuraren da aka kai hari a samfuri, domin gwada maganar hukumomi da ta shaidu.

Misali mafi kusa da matsalar Katsina ya fito ne daga kudancin Chadi. A 2012, a yankin Baibokoum, makiyaya Mbororo suka zauna tare da masana da jami'ai suka gina taswira mai tudu da kwari ta yankinsu, suka sanya mata burtali da mashaya da gonaki da dazuka, don a sami abin dubawa wajen sasanta rikicin ƙasa da ruwa. Hindou Oumarou Ibrahim, 'yar wannan al'umma, tana cikin jagororin aikin. Hannun da ya iya gina fagen tanka zai iya gina irin wannan taswira ta gunduma guda, ko samfurin ƙauyen da aka tashi daga cikinsa, da masallacinsa da rijiyarsa da rumbunansa, kafin damina ta rushe abin da ya saura.

Doka, addini da lafiya

Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta ɗaukar hoto ko zana wuraren tsaro da aka keɓe da abin da ke cikinsu da nufin cutar da tsaron ƙasa. Ko ba a kai ga kotu ba, ɗaga waya a shingen bincike ko ƙofar bariki a yankin da ake fargabar masu kai wa 'yan bindiga rahoto yana iya jawo wa matashi babbar fitina. Hotunan da rundunar soji da jaridu suka riga suka wallafa sun wadatar. Haka nan bai dace fage ya nuna ainihin tsarin wani sansani ko shingen da ke aiki a yanzu ba, kuma ƙera bindigar kwaikwayo mai girman ta gaske wani abu ne dabam mai haɗari.

Ta fuskar addini, jumhurun malamai sun halatta siffanta abin da ba shi da rai, kamar mota da gida da dutse. Maganar tana kan cikakken mutum-mutumin mutum ko dabba, wanda mafi yawansu suka hana, tare da rangwame ga kayan wasan yara. Mai son kauce wa saɓani zai iya gina fagensa ba mutum ko ɗaya. Ƙofa a buɗe, tukunya a kan murhu, takalmi ɗaya a bakin hanya, sun isa su sanar da mai kallo cewa da mutane a nan.

Ta fuskar lafiya, a yi fenti da gam a wuri mai iska, kada a tsinka fenti da fetur kusa da wuta, kada a ƙona roba don lanƙwasa ta a cikin ɗaki, a kuma riƙa yanka ana nesanta reza daga jiki. Gefen gwangwani yana da kaifi, a naɗe shi da filaya.

Inda hanyar ke kaiwa

Samfuri kayan aiki ne a sana'o'i da dama. Masu zanen gine-gine suna gina shi kafin a haƙa tushe, sojoji suna tsara farmaki a kan teburin yashi, kamfanonin mota kuma har yau suna sassaƙa sabuwar ƙira da yumɓu na musamman kafin a taɓa ƙarfe. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce birnin Detroit na Amurka ya karanta zanen motoci, ya kama aiki da General Motors. Shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, daga 2017 zuwa 2023 kuma ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta Nijeriya, NADDC. A 2007 ɗin dai Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya ja hankalin kafafen yaɗa labaran duniya da jirgi mai saukar ungulu da ya harhaɗa da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa.

Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda ke yaye malaman da za su koyar a makarantun yankin. Darasin fasaha yana cikin manhajar ƙaramar sakandare, ƙungiyoyin JETS na matasan injiniyoyi da masana kimiyya kuma sanannu ne a makarantun ƙasar nan. Gasar samfura ta zangon karatu ɗaya ba ta buƙatar fiye da aji guda, da rula, da alƙalan da za su auna aikin kowane ɗalibi su gwada shi da lissafin da ya rubuta. Wannan buƙata ce da ƙungiyoyin ɗalibai da na matasa za su iya kai wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu da ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar Dutsin-Ma da Kurfi, kuma kuɗinta bai kai na taron siyasa guda ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kara kuwa yana nan zube a gonaki duk bayan kaka.